Lissafin Rana da Wata irin na malaman Kerala: jagora ga mai biro da takarda

A gaɓar kogin Nila, kusa da inda yake zubewa cikin teku a yankin Kerala da ke kudu maso yammacin Indiya, akwai wani ƙauye mai suna Alathiyur. A nan wani malami da ake kira Parameshvara ya shafe shekara 55, daga 1393 zuwa 1448, yana fakon husufin rana da na wata. Kafin husufi ya zo sai ya lissafa lokacinsa da ƙa'idojin magabata, idan ya zo kuma ya sa ido, ya rubuta tazarar da ke tsakanin lissafi da abin da ya gani. A shekarar 1431 ya fitar da gyararren tsari da ya kira Drigganita, wato lissafin da ya yi daidai da ganin ido.

Parameshvara almajirin Madhava ne, mutumin Sangamagrama da ya rayu tsakanin wajejen 1340 da 1425. Ɗan Parameshvara, Damodara, shi ya karantar da Nilakantha Somayaji. Daga wannan zaure ne kuma Jyeshthadeva ya fito, wanda wajen 1530 ya rubuta Yuktibhasha da harshen Malayalam na mutanen Kerala, yana bayyana hujjar kowace ƙa'ida. Silsila ce ta malami da almajiri, irin wadda duk wanda ya yi karatun zaure zai gane. Ita ake kira makarantar Kerala.

A al'adar Hindu, ilimin da suke kira jyotisha yana da reshen duba da zaɓen sa'a. Wannan ba shi ne gabanmu ba. Reshen lissafi zalla za mu bi, mu ga yadda ake fitar da matsayin rana da wata a kowace ranar da aka ga dama. Kayan aikin kaɗan ne: biro, takarda, kalkuletar waya mai nuna lambobi da yawa, da sanda madaidaiciya.

Mataki na farko: kafa sanda

Kafin a taɓa lamba, sai an san gabas da yamma. Nemi fili mai shimfiɗa, ka zuba ruwa ka gani ko zai gangara gefe guda. In ya gangara, gyara wurin. Zana da'ira da igiya, ka kafa sanda a tsakiyarta, a miƙe cak. Su sandarsu, shanku, tsawonta yatsa 12 ne, amma kowace sanda ta yi muddin ka raba tsawonta kashi 12. Da hantsi inuwa za ta riƙa gajarcewa har bakinta ya taɓa layin da'irar. Sa alama. Bayan azahar za ta sake tsawo ta taɓa layin ta ɗaya gefen. Sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamomin nan shi ne gabas da yamma.

Idan ka auna inuwar da tsakar rana a wajen 21 ga Maris ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana suka yi daidai, ita ce za ta gaya maka nisan garinku daga layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A ƙauyen Parameshvara, da ke kan digiri 10 da minti 51 arewa (minti 60 ne a digiri guda), inuwar takan kai yatsa 2.3. A Zariya kusan haka za ka samu, a Kano kuma wajen 2.55. Samaniyar da ya yi ta kallo ita ce wadda ke kan mutumin Kaduna, sa'o'i kawai suka raba su.

Mataki na biyu: koyi karanta lambobin da ke cikin kalmomi

Malaman nan a ganyen wata bishiya dangin giginya suke rubutu, kuma yawancin ilimin da ka ake riƙe shi. Lamba mai tsawo tana da wuyar hadda, mai kwafa kuma yana iya ɓata ta ba a gane ba. Sai suka riƙa saƙa lambobi cikin jimloli masu ma'ana da kari, da tsarin da ake kira katapayadi. Wanda ya san abajada, ko ya taɓa warware ramzin da mawaƙan ajami ke sawa a ƙarshen waƙa don nuna shekarar da aka yi ta, ba zai sha wahala ba. Bambancin shi ne a abajada ana tara ƙimar haruffa, a nan kuwa kowace gaɓa lamba ɗaya ce a gurbinta.

Ga jerin baƙaƙen. Layin ka: ka 1, kha 2, ga 3, gha 4, nga 5, ca 6, cha 7, ja 8, jha 9, nya 0. Layin ṭa, wanda biyar na farkonsa da naɗe harshe ake faɗar su: ṭa 1, ṭha 2, ḍa 3, ḍha 4, ṇa 5, ta 6, tha 7, da 8, dha 9, na 0. Layin pa: pa 1, pha 2, ba 3, bha 4, ma 5. Layin ya: ya 1, ra 2, la 3, va 4, śa 5, ṣa 6, sa 7, ha 8. Daga farkon layukan huɗu, ka, ṭa, pa, ya, sunan ya fito.

Ƙa'idoji uku ne. Wasali ba ya canza ƙima, ga da gi da gu duk 3 ne. In baƙaƙe suka haɗu a gaɓa ɗaya, na ƙarshe da ke ɗauke da wasali kawai ake ƙirgawa. Sannan ana karanta sakamakon daga dama zuwa hagu.

Mu gwada. Akwai tsofaffin jimloli 248 da ake dangantawa da wani Vararuchi, kowace tana ba da tafiyar wata ta kwana guda bayan guda. Ta farko ita ce gīr naḥ śreyaḥ. Gaɓoɓinta: gī 3, rna 0, śre 2 tunda ra ce ta ƙarshe, ya 1. Ka samu 3021. Juya shi: 1203, wato digiri 12 da minti 3. Ta biyu, dhenavaḥ śrīḥ: 9, 0, 4, 2, a juye 2409, digiri 24 da minti 9. Me ya sa 248? Saboda gudun wata yana ƙaruwa ya ragu cikin kwana 27.55, kuma irin wannan zagaye tara ya zo daidai da kusan kwana 248 cif, daga nan jadawalin ya koma farko. Mai haddar jimlolin nan yana yawo da jadawalin wata a kansa. Daga baya Madhava ya sake ƙera su, ya kai ingancinsu har matakin sakan.

Mataki na uku: ƙirga kwanaki

Duk lissafin ya rataya ne kan lamba ɗaya, ahargana, wato tarin kwanakin da suka shige tun farkon zamanin da suke kira Kali. An tsayar da farkon nan a ranar Juma'a, 18 ga Fabrairu, shekara ta 3102 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba sai ka gaskata komai game da zamanin Kali ba, ka ɗauke shi a matsayin turken da ake awo daga gare shi.

Nilakantha ya buɗe littafinsa Tantrasangraha da kalmomin he viṣṇo nihitaṃ kṛtsnaṃ. A zahiri kirari ne ga abin bautarsa, amma warware shi ka gani: he 8, vi 4, ṣṇo 5, ni 0, hi 8, ta 6, kṛ 1, tsna 0. A juye, 1,680,548. Wannan tarin kwanaki ya faɗa kan 22 ga Maris, 1500, a tsohuwar kalandar Turawa. Ramzi ke nan, sai dai shi a bakin ƙofa ya ajiye nasa.

Don sauƙi, riƙe wannan: ahargana ta 1 ga Janairu, 2000, ita ce 1,863,079. Kowace ranar da kake so, ƙirga kwanakin da ke tsakaninta da wannan, ka tara ko ka debe, kada ka manta da 29 ga Fabrairu a shekarun da take zuwa. Sannan ka tabbatar da aikinka: raba lambar da 7 ka dubi saura. Saura 0 Juma'a, 1 Asabar, 2 Lahadi, haka har 6 Alhamis. Raba 1,863,079 da 7, saura 1, kuma lallai ranar Asabar ce. Gwada 1 ga Oktoba, 1960: kwana 14,336 ne kafin turkenmu, ka samu 1,848,743, saura 1, ita ma Asabar. In ranar mako ba ta fito daidai ba, koma ka sake ƙirga, don kuskuren kwana ɗaya a nan yana gusar da wata da digiri 13.

Mataki na huɗu: matsakaicin matsayi

Malaman Kerala a kan littafin da wani magabacin malamin lissafi na Indiya, Aryabhata, ya rubuta a shekarar 499 suka yi gini. A can an ce cikin babban zamani mai kwana 1,577,917,500, rana tana zagaye 4,320,000, wata kuma 57,753,336. Sauran aikin lissafin kasuwa ne: in kwana kaza ya ba da zagaye kaza, nawa kwanakina za su bayar? Raba kwanakin zamanin da yawan zagaye, za ka ga rana tana cika zagaye cikin kwana 365.25868, wata cikin 27.3216685.

Fara da rana. Raba 1,863,079 da 365.25868, ka samu 5100.7111. Cikakkun zagaye 5100 sun wuce, watsar da su. Ninka ragowar 0.7111 da 360, ka samu digiri 256. Kowane burji digiri 30 ne, saboda haka takwas sun cika, rana tana digiri 16 cikin na tara, wanda suke kira Dhanu, wato Baka, Ƙausu a wurin Larabawa. Watan da ake ciki a kalandar Malayalam ma sunansa Dhanu. Saura digiri 14 ta shiga Makara, burji na goma, kuma a wajen 14 ga Janairu ake bikin shigar a Indiya. Idan ka kwatanta da jadawalin Turawa za ka ga sun ce 280. Kada ka ruɗe. Su daga mahaɗar dare da rana ta Maris suke awo, Indiyawa kuma daga taurari, tazarar a zamaninmu kusan digiri 24 ce.

Yanzu wata. Raba 1,863,079 da 27.3216685, ka samu 68190.528. Ninka 0.528 da 360: digiri 190. A nan na taɓa yin ganganci. Ƙyuya ta sa na rubuta 27.32 kawai, na ce ai sauran ƙura ce. Sai wata ya fito mini a digiri 249, na yi ta neman kuskure a ƙirgar kwanaki alhali yana wurin da na yanke. Abin da ka raina a zagaye ɗaya, sau dubu 68 za a ninka shi.

Daga nan sai tithi, ranar wata a lissafinsu. Duk lokacin da wata ya ƙara wa rana tazarar digiri 12, tithi guda ta cika, talatin ke nan a wata. Debe rana daga wata: 190 a cire 256 ba ya yiwuwa, sai ka ƙara 360, ka samu 294. Raba da 12: 24.5. Ashirin da huɗu sun cika, ana tsakiyar ta 25, wato ta goma a rabin da wata ke raguwa. Masu shekaru za su tuna cewa shigowar 2000 ta faɗo cikin goman ƙarshe na azumin 1420, lissafin bai yi ƙarya ba. Amma a lura, tithi daga haɗuwar rana da wata take farawa, ba daga ganin jinjirin wata ba, don haka takan riga kwanan watanmu da kwana ɗaya ko biyu. Kuma sakamakon na fitowar rana ne a layin birnin Ujjain na Indiya, wajen ƙarfe biyun dare a agogon Najeriya da Nijar.

Mataki na biyar: auna da'ira

Abin da muka samu matsakaici ne, kamar a ce rana da wata ba sa canza gudu. Suna canzawa. Gyara wannan yana buƙatar sanin da'ira sosai, kuma a nan ne Madhava ya yi abin da ya sa ake ambatonsa har yau.

Da'ira tana da minti 21,600, wato 360 sau 60. Tambayar ita ce, da wannan ma'aunin, minti nawa ne daga tsakiya zuwa baki? Sai an san pai, wato sau nawa kewayen da'ira ya ninka faɗinta. Aryabhata ya ba da 3.1416, rabin faɗi kuma 3438. Madhava ya zo da jerin da ba ya ƙarewa: ɗaya, a debe ɗaya bisa uku, a tara ɗaya bisa biyar, a debe ɗaya bisa bakwai, haka dai da lambobin mara, sannan a ninka da 4. Shi ne jerin da masanin lissafi Leibniz ya sake ganowa a Turai cikin shekarun 1670.

Yi gaɓa biyar: 1 − 0.3333333 + 0.2 − 0.1428571 + 0.1111111 = 0.8349206. Sau 4, ka samu 3.3397. Abin kunya, ko 22 bisa 7 na 'yan firamare ya fi shi. Jerin gaskiya ne, amma tafiyar hawainiya yake yi.

Ga inda gwanintar take. Maimakon a ci gaba da tarawa har tsufa, sai a tsaya, a ƙiyasta abin da ya rage, a sa shi dunƙule guda. Kira yawan gaɓoɓin da ka yi n, a nan 5. Tunda gaɓar ƙarshe tarawa ce, gyaran debewa ne. An ruwaito gyara uku, kowane ya fi na gabansa.

Na farko, 1 bisa 4n, wato 1 bisa 20, 0.05. Debe shi daga 0.8349206, ka ninka da 4: 3.13968.

Na biyu, n bisa 4n² + 1, wato 5 bisa 101, 0.0495050. Sakamako 3.14166.

Na uku, n² + 1 bisa 4n³ + 5n, wato 26 bisa 525, 0.0495238. Sakamako 3.141587.

Ainihin pai 3.141593 ne. Da gaɓa biyar da gyara ɗaya ka iso inda mai tarawa zalla zai buƙaci gaɓa kusan dubu 200 kafin ya iso. Ni a ganina wannan gyaran ya fi jerin kansa ban mamaki, don yana nuna mutanen da hannunsu ya saba da aiki, masu son amsa kafin husufi ya zo ya wuce. An ruwaito daga Madhava cewa da'ira mai faɗin 900,000,000,000 kewayenta 2,827,433,388,233 ne. Raba ka gani: 3.14159265359, lambobi 11 bayan ɗigo duk daidai. Da wannan, rabin faɗi ya zama 3437.7468, ko yadda suke rubuta shi, minti 3437, sakan 44, da 48 na ƙasa da sakan.

Mataki na shida: jya, da gyaran rana

Jya na nufin tsirkiyar baka. Ka ɗauki yankin da'ira a matsayin baka, rabin tsirkiyarsa shi ne abin da ake nema, wanda a makarantun boko ake kira sain. Aryabhata ya bar jadawali mai lambobi 24, tazarar minti 225 tsakanin kowace biyu. Madhava ya ba da hanyar fitar da ita ga kowane yanki.

Mu ɗauki digiri 30, minti 1800. Ninka 1800 da kansa, ka raba da 3437.7468 da aka ninka da kansa, ka samu 0.2741557. Ajiye wannan lamba, ita za ka yi ta amfani da ita. Ninka 1800 da ita ka raba da 6, ka samu 82.2467. Ninka wannan da ita ka raba da 20, ka samu 1.1274. Ninka wannan kuma da ita ka raba da 42, ka samu 0.0074. Masu rabawar nan ba a sama aka tsinto su ba: 2 sau 2 da 2 shi ne 6, 4 sau 4 da 4 shi ne 20, 6 sau 6 da 6 shi ne 42, na gaba zai zama 72. Yanzu debe, tara, debe: 1800 − 82.2467 + 1.1274 − 0.0074 = 1718.8733. Rabin 3437.7468 shi ne 1718.8734, kuma kowane ɗan sakandare ya san sain na digiri 30 rabi ne.

Ga amfaninta. Rana ta fi tafiyar nawa, wato rage gudu, a wani wuri da Aryabhata ya sa a digiri 78. Debe 78 daga matsakaicin matsayinta, abin da ya fito shi ne kendra. Nemo jya ɗinsa, ka ninka da 3 ka raba da 80. In kendra bai kai 180 ba a debe gyaran, in ya wuce a tara. A ce matsakaiciyar rana tana digiri 108, kamar a farkon Agusta. Kendra 30 ne, jya 1718.87, gyara minti 64.5. Ainihin rana tana digiri 106 da kusan minti 56. A misalinmu na Janairu kendra 178 ne, jya ɗinsa daidai da na digiri 2, gyaran bai kai minti 5 ba, shi ya sa 256 ya fito daidai tun ba a taɓa shi ba. Na wata haka yake, sai dai da 7 bisa 80, gyaran yana iya kai digiri 5, kuma wurin nawarsa ba a tsaye yake ba, yana zagayawa cikin kusan shekara tara, sai an lissafa shi daga ahargana shi ma.

Mataki na bakwai: fita waje ka duba

Tazarar 294 da muka samu, a lissafin zamani matsakaiciyarta wajen 292 ce. Digiri biyu faɗin wata huɗu ne a sama, kuma kusan awa huɗu a lokacin husufi. Wannan shi ne abin da ya taru kan lambobin Aryabhata cikin shekara 1500. Mutanen Kerala sun hango ɓarakar tun tana ƙarama. A 683 aka kafa tsarin Parahita na Haridatta a Tirunavaya don gyara lambobin, bayan ƙarni bakwai da rabi Parameshvara ya sake gyarawa. Nilakantha ma ya rubuta cewa dole a ci gaba da gwada lissafi da abin da aka gani, kowane zamani da nasa gyaran.

Kai ma buɗe littafi. Zaɓi daren da wata ya cika, ka fitar da ahargana, rana, wata da tazararsu, wadda ya kamata ta kusanci 180. Kada ka damu in ta kauce da digiri shida ko bakwai, tunda ba ka yi gyaran wata ba. Fita gab da magariba ka lura ko wata ya riga faɗuwar rana fitowa ko ya biyo baya, da minti nawa. Rubuta kwanan wata, lissafinka, da abin da ka gani, kowane a shafinsa. Bayan wata shida ko bakwai za ka fara ganin kuskuren yana hawa yana sauka a kan tsari, kuma wannan hawa da saukar ita ce 7 bisa 80 ɗin da aka ambata. In aka yi sanarwar husufin wata, sa agogo kusa, ka rubuta mintin da inuwa ta fara cin gefensa da mintin da ta sake shi. Tsakiyar waɗannan lokuta biyu ita ce lokacin da tazarar gaskiya ta kusanci 180 ƙwarai, kuma da ita za ka auna naka lissafin.